Almakashina da Littattafanki Bakwai

Assalamu alaikum, ƙanwata Rabi, Autar Inna.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, na ɗauki alƙalami ne don in gaya miki abin da na yi wa littattafanki. Kin san ban wuce firamare ba. Ki yi haƙuri da rubutun tela.

Jiya kika cika kwana arba'in, aka buɗe ɗakinki don raba kaya. Ba a yi gardama kan tufafi ba. Da aka zo kan littattafan aikinki guda bakwai, Kawu Sale ya buɗe ɗaya, ya ga kin rubuta Bisimilla da Larabci a saman kowane shafi. Ya ce a ƙone su cikin mutunci, domin damina ta kama, kuma kin san unguwarmu ta New Bell: ruwa yana shiga ɗaki har gwiwa, ya kwashe takarda ya kai kwata. Sunan Allah ba zai bi wannan hanyar ba.

Ban ga laifinsa ba, Auta. Amma ban yarda ba.

Na tuna ranar da na tsare ki a shagona na ce sai kin gaya mini abin da kike yi a labo ɗin nan naku, ɗakin bincike na wajen unguwar PK 14, tunda maƙwabta sun dame ni da tambaya. Kika yi dariya kika ce, "Yaya, kin tuna ƙullin Inna?" Na tuna mana. Idan za ta aika wa Gwaggo yaji Garwa ta hannun direba, takan ɗaure shi da zare, wani irin ƙulli da ba wanda ya iya maimaitawa. In an taɓa a hanya, Gwaggo tana gani za ta sani.

Kika ce haka aikinku yake. Mutum biyu da ke son yin magana a asirce sai sun fara mallakar makulli iri ɗaya. Ku kuwa kuna aika makullin ne da ƙwayoyin haske ta cikin waya siririya ta gilashi. Duk wanda ya leƙa a hanya sai ya bar alama, lissafin ya ɓaci. Sai a jefar da wannan makullin a sake wani, tun ba a faɗi sirrin ba.

Damuwarki ita ce, a garin nan ba ɓarawo kaɗai ke ɓata lissafi ba. Iska tana kaɗa wayar, manyan motoci suna girgiza ta, rana ta gasa ta, ruwa ya sanyaya ta. Kina son a iya bambance ɓarnar yanayi da ɓarnar mai leƙe. Shi ya sa kike ta rubuta lokacin da ruwa ya sauko da lokacin da ya ɗauke. Ni har tsokanarki nake yi, ina ce miki mai gadin hadari.

Abokiyar aikinki Solanj ta zo gaisuwa, ta zauna tare da mu a tabarma, ta yi kuka sosai. Ta ce na'urarku ta adana lambobi, amma ba ta san yaushe aka yi ruwa ba. Wannan yana littattafanki kaɗai. In babu su, aikin daminarki biyu ya tafi a banza.

Na gaya wa Kawu haka. Ya ce ko an kai su can, wa zai kula kada a ajiye su a ƙasa, ko a ɗora musu takalmi?

Sai na shiga shago na ɗauko almakashina. Na durƙusa gabansa na ce, Kawu, in na raba sunan Allah da lissafin fa? Ya daɗe yana kallon shafin. Daga baya ya ce, "Ki yanka a hankali, kada ki taɓa harafi."

Tun hantsi nake yanka har la'asar. A wasu shafukan kin matse rubutu, lambobinki sun kusa taɓa Bisimillar, sai na bi da bakin almakashi kamar mai fitar da wuyan riga. Ban ci ko lamba ɗaya ba.

A littafi na bakwai na iske shafin da kika rubuta Bisimilla kaɗai, ƙasansa fari fat. Ranar ce zazzaɓi ya kwantar da ke. Wannan ban yanke shi ba. Na cire shi ɗungurungum, Kawu ya ce in riƙe. Sauran guntayen ya tattara su a hularsa ya tafi da su.

Gobe da safe zan hau babur in kai wa Solanj littattafan da hannuna, ba aike ba. Na naɗe su a leda biyu saboda ruwa. Zan zauna har ta ƙirga shafukan a gabana, kuma zan riƙa komawa har in ga an kammala aikin, da sunanki a kai. Faransancina na kasuwa ne, amma zai ishe ni tambaya.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da Inna a Aljanna, ya sa abin da kika bari ya amfani mutane.

Na ɗaure kunshin da ƙullin Inna. Sau huɗu ina gwadawa kafin ya zauna.

Taki har kullum,
Yaya Balki