Ni Ne Marar Lafiyar da Malam Sha'aibu Ya Ƙi Faɗin Sunansa

Zuwa ga mai girma jami'in da ke zagayen duba ƙananan asibitocin yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da abokan aiki. Ya gajiyar hanya? Duk wanda ya biyo hanyoyinmu da damina don ya duba lafiyar talaka ya cancanci a gaishe shi. Allah Ya saka maka da alheri.

Ni ɗan acaɓa ne, ina jigila tsakanin Safana da Batsari. Ban saba rubuta wa manya wasiƙa ba. Abin da ya tayar da ni shi ne takardar tuhumar da ka ba Malam Sha'aibu, ma'aikacin lafiyar ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Ka zo ka tarar babu kowa a kujerarsa, mutanen da ke kan benci suka ce maka ya fita gyaran mashin. Da ka tambaye shi, ya ce yana tare da marar lafiya, amma ya ƙi faɗin ko wane ne. Yanzu ana maganar dakatar da shi daga aiki. Ranka ya daɗe, na san inda yake a ranar, domin tare muke.

Na farko, ciwon da ya kai ni. Wasu ƙananan ƙuraje ne masu ruwa suka feso mini a al'aura. Su fashe, su yi raɗaɗi, su warke, bayan wasu watanni su dawo. Mai aikin da ke wuni a kan kujerar mashin cikin rana da gumi ya san azabar da nake nufi. A kasuwar Batsari na sayi ƙulli-ƙulli na masu lasifika, waɗanda kowane ciwo a wurinsu sanyi ne. Wani abokina a tasha ya ce in ɗiga man birki, wai yana busar da kowane miki. Na ɗiga. Ranar na yi rawa babu makaɗi, kuma wurin ya ƙara lalacewa.

Wannan duk da sauƙi a kan abin da na yi a gida. Maiɗakina bazawara na aure ta, mijinta na farko rasuwa ya yi. Sai zuciya ta raya mini cewa ita ta kawo mini ciwon, har na faɗa mata maganar da ba ta faɗuwa. Ta tattara ta tafi gidansu a Tsaskiya. Ranar da na je asibiti, takardar saki tana cikin aljihuna, nufina daga nan in wuce in kai.

Na biyu, ɗakin duba marasa lafiya. Gara ta cinye ƙyaurensa tun tuni, tsohon labule ne kawai a ƙofar, kuma bencin masu jira yana jingine da bangon. Ko tari ka yi a ciki, na waje zai ce maka sannu. A ranar maƙwabcina yana kan bencin nan, haka ma wata goggon maiɗakina. Malam Sha'aibu ya duba ni. Da na fara raɗa masa zancen takardar, sai ya dubi labulen, ya ɗaga murya ya ce tunda ga ɗan acaɓa ya zo, in taimaka in duba masa sarƙar mashin ɗinsa da ke ƙara. Ya leƙa ya tabbatar babu mai ciwon gaggawa, ya bar wa malamar awo amanar sauran, muka zagaya bayan gini. Sarƙar nan lafiyarta ƙalau. Dabarar da ya yi don ya rufa mini asiri ita ce aka ba ka a matsayin shaida a kansa.

Na uku, abin da ya gaya mini muna tsugune a gindin darbejiya, yana riƙe da sifana. Ya ce ciwon ana kiransa hapis, ɗan'uwan ƙurajen nan ne da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi. Ƙwayar cutar in ta shiga jiki ba ta fita, kwanciya take yi, ta riƙa tashi lokaci-lokaci, kuma yawanci tashin yana raguwa da shekaru. Takan yi shekaru ba ta nuna alama ba, saboda haka babu wanda zai iya rantsuwa a kan wa ya kawo ta, ko yaushe. Ya tuna mini cewa ni ma na taɓa wani auren kafin wannan. Sannan ya tambaye ni ko zan iya tsayawa gaban Allah da zargin da ba ni da hujjarsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Bai yi mini ƙaryar warkewa ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Ya rubuta mini ƙwayar da ke rage kwanakin ciwon, ya ce ta fi aiki in an fara ta da zarar an ji ƙaiƙayi ko tsikarin da ke zuwa kafin ƙurajen. Ya ce in riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in bar shi ya bushe, in sa sakakken wando na auduga, in huta da mashin kwana biyu in ya tashi. Ya ce isasshen barci, da abinci mai kyau, da rage damuwa suna taimaka wa jiki, amma ba su maye gurbin magani. Ya hana ni man birki, da kanwa, da duk wani abu mai ƙuna. Ya ce mu ƙaurace wa shimfiɗa daga jin alamar har wurin ya warke sarai, kuma ko babu ƙuraje ana iya ɗauka, don haka dole maiɗakina ta sani. Ba a ɗauka ta buta ko kwanon abinci, ba ya kuma hana haihuwa, sai dai in ta samu ciki a sanar da masu awo da wuri saboda jariri. Ya tura ni babban asibiti a Katsina don a tabbatar, a kuma yi mana sauran gwaje-gwaje mu biyu.

Na huɗu, laifina. Da muka zagayo na ga motarka a ƙofar asibiti, na ji muryarka tana tashi. Na san abin da ke faruwa, amma na tayar da mashin ɗina na sulale. Na je Tsaskiya, ban miƙa takardar ba, na roƙi gafara, kuma sai da na yi sawu uku kafin ta yarda ta dawo. Yanzu muna zaune lafiya. Ciwon yakan tashi, mun san yadda muke yi da shi, kamar yadda mai gyambon ciki ya san abincin da yake guje wa. Ni ina nan ina walwala, mutumin da ya gyara mini gida yana ɗauke da tuhuma saboda ya riƙe mini amana. Wata fasinja ce ta ba ni labarin dakatarwar a bayan mashin, ba ta san da wanda take magana ba.

Ban ga laifinka ba da ka tsananta. Mun sha zuwa wasu wuraren mu tarar da kwaɗo a ƙofa, kuma zagayenka ya rage wannan. Waɗanda suka jira a benci su ma suna da hakki. Amma a wannan karon sandar ta sauka a kan wanda bai ci ba.

Roƙona uku ne. A janye tuhumar, a bar mana Malam Sha'aibu a kan aikinsa. A sa wa ɗakin nan ƙyaure, a matsar da bencin. In an sayo, ni zan ɗauko shi a mashin kyauta. Sannan a riƙa ajiye ƙwayar ciwon nan a asibitin, don kada kunya ta ci gaba da tura mutane wurin masu lasifika.

Na karanta wa maiɗakina wasiƙar nan kafin in fitar da ita, domin asirin namu ne mu biyu. Na so in ɓoye sunana, ta ce shaidar da ba ta da suna ba za ta wanke kowa ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na san gobe za a yi da ni a tasha. Takardar sakin tana nan, ban yaga ba. In kana son shaida zan kawo maka, ka ga abin da aka gyara a bayan ginin nan.

Allah Ya yi maka jagora, Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya haɗa ka da mai riƙe maka amana ranar da kake bukata.

Wassalam.

Ni ne wanda Malam Sha'aibu ya ƙi faɗin sunansa,
Rabe mai acaɓa, hanyar Safana zuwa Batsari.