Mu biyu muke shanya zani da asuba

Salama a gare ku 'yan uwa na wannan guruf. Admin, ina roƙo a sa mini wannan ba tare da sunana ba, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Lahadi, domin ranar ce za a zauna a kaina. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci na cocinmu, kwana uku na yi ina danna wannan a waya.

Shekarata arba'in da takwas, a Azuba nake zaune nan Lafia, ina sayar da manja da gishiri a kasuwa. Mai gidana ya rasu shekara bakwai ke nan, ciwon hanta, ni na yi jinyarsa wata goma sha ɗaya har ya cika a hannuna. Babban ɗana Ishaku gida ɗaya muke da shi da matarsa Rifkatu, ƙofata na kallon tasu. Autata mace ce, tana makaranta, ba ta yi aure ba. Duk unguwa an san ni da sanyin magana, ko akuya ce ta ci mini kaya sai dai in kore ta da bakin zani.

Wajen shekara ɗaya da rabi ke nan jikina ya canza. Zan kwanta lafiya, in tashi kamar an daka ni a turmi. Dunduniya ba ta takuwa, yatsun hannu sun sandare, sai rana ta ɗaga suke saki. Wani zafi yakan taso mini daga ƙirji ya hau fuska, ko da ruwan sama ake yi, in farka zanina sharkaf da gumi. Al'adata kuma ta zama yadda ta ga dama, ta yi wata uku ba ta zo ba, ranar da ta zo kamar an buɗe famfo. Sau uku ina shan maganin maleriya da na taifot daga kemis, babu abin da ya ragu. Saboda kunya nakan tashi da asuba in wanke zanin in shanya a bayan kicin kafin kowa ya fito. Ƙafafu kuwa in jiƙa su a ruwan zafi da gishirin gargajiya na garin Keana, yadda na ga uwata tana yi in ta dawo daga dafa gishiri, in na gama in zubar a bayan gida.

Kuskurena a taron zumuntar mata na cocinmu na yi shi. Wata Alhamis aka ce mai roƙon addu'a ta tashi, na tashi na ce a taya ni, ina kwanciya lafiya amma ina tashi kamar wadda ta kwana tana noma a gonar wani. Haka na faɗa, da zuciya ɗaya. Wata ta ce Yesu ya tsare, aka yi mini addu'a mai ƙarfi, na koma gida ina jin daɗi. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake cewa game da mai tashi da gajiya, ko dai mayu ne suke aiki da shi da dare, ko kuma shi ne mayen da ke fita. Da farko ta farkon suka ɗauka, ana tausaya mini. Ban san maganar tana ajiye tana jiran ranar da za a juya ta ba.

Da Rifkatu ta haihu, mace, sunana aka sa wa yarinyar. Ishaku da kansa ya zaɓa. Ni nake mata wanka kullum da safe, in gasa mata cibiya, in shafa mata man kaɗe. Wata safiya yatsuna suka ƙi, yarinyar ta sulluɓe mini a cikin baho, na tare ta da damtse kafin kanta ya taɓa ruwa. Babu abin da ya same ta, ko kuka ba ta yi sosai ba, amma ni na tsorata, na ce a riƙa bari sai rana ta fito hannuna ya saki. Rifkatu ta bi ni da kallo. A wata na huɗu yarinyar ta yi zazzaɓi mai zafi har ta sanƙare, aka kwantar da ita kwana biyar, likita ya ce maleriya ce, ta warke. A nan ne uwar Rifkatu ta taso daga ƙauyensu wajen Awe, wai ta zo taya jinya. Yau wata biyu ba ta koma ba.

Ita ce ta kai rigar yarinyar wajen wani mai addu'a a bayan tasha. Ta dawo tana cewa mutumin ya gani, ya tambaya ko akwai babbar mace a gidan mai tashi da gajiya, mai wankin asuba, mai zubar da ruwan gishiri a bayan gida. Ina tambaya, wa ya gaya masa? Gani ne wannan, ko an kai masa labarin a faranti? Daga ranar gidan da na gina da mijina ya zama mini gidan baƙi. Aka ware mini kofi. Na dama kunu na aika musu, da idona na ga Rifkatu ta juye shi a kwata. Na tashi na tarar an yayyafa man zaitun a bakin ƙofata har na kusa zamewa. In na fito tsakar gida, sai a ɗauke yarinyar a shige ɗaki a saki labule. Sunana ma sun daina kiranta da shi, wani sunan Turanci suke ce mata yanzu. A kasuwa matar da muka yi shekara goma muna jera tebur ta matsar da nata. Fastonmu ya ce a bar wannan magana a je asibiti, amma ba shi suke ji ba.

Duk na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne ranar da uwar Rifkatu tana tsinke ganyen rama, ta ɗaga murya yadda zan ji, tana ce wa 'yarta: "Ki tambaye ta mana, ina mijinta? Mutum da ƙarfinsa ya bushe kamar kara."

Ban san lokacin da na yi jifa da bokitin da ke hannuna ba. Na faɗa mata maganganun da ban san ina da su a ciki ba, na zage ta, na zagi garinsu, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Daidai nan Ishaku ya shigo da mashin ɗinsa. Bai ji tata ba, tawa ya ji. Ya tsaya ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce: "Mama, wannan ba ke ba ce." Ita kuwa ta tafa hannu ta ce to ga shi nan, abin da ke cikinta ne ya yi magana. Yaron da na goya ina tallan manja a rana, ya sunkuyar da kai ya bi su ɗaki.

Washegari na tafi asibiti ni kaɗai. Nas ɗin da ta gan ni babbar mace ce, ta auna jinina, ta sa aka yi tes, ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Da na gama ta ce Mama, al'adarki ce take shirin ɗaukewa, gumin da ciwon gaɓoɓin da rashin barci mai daɗi, har saurin fushin, duk tafiyarsu ɗaya, ita ma ta bi ta nan. Ta ce jinina ya yi ƙasa saboda zubar da nake yi, ta ba ni magani, ta ce in dawo likita ya ƙara dubawa. Na ba ta labarin gida, ta ajiye biro ta ce in kawo mata ɗan nawa ta yi masa bayani. Na yi kuka a gabanta, rabi don sauƙi, rabi don ban san yadda zan yi ba. A wajenmu uwa ba ta buɗe baki ta yi wa ɗanta namiji maganar jininta. Ko mai gidana, har ya mutu ban taɓa kiran sunan abin a gabansa ba.

Na gwada ta wajen Rifkatu, tunda mace ce. Na same ta tana wanke-wanke na miƙa mata katin asibiti, ko hannu ba ta goge ba balle ta karɓa. Ta ce takarda ai kowa na iya samowa, kuma mamanta sa'ata ce, me ya sa ita ba ta tashi da gajiya.

To ga abin da ya sa na rubuto muku. Ranar Talatar nan na fito da asuba da zanina a hannu, na zagaya bayan kicin, sai na ga mutum a wajen igiya. Uwar Rifkatu ce, tana matse zaninta, tana dogara ƙafa ɗaya a kan yatsu don dunduniyar ba ta takuwa. Garin da sanyinsa, an kwana ana ruwa, amma fuskarta da wuyanta gumi ne ke zuba. Muka tsaya muna kallon juna. Nan take na tuna yadda take fifita da bakin ɗankwali ko da safe, na tuna satin da ta zo, kafin a ɓata, ta roƙe ni gishirin Keana a ɓoye wai na miya, ta haɗa da tambayar ko ruwan zafi sosai nake sawa. Na ce mata a hankali: "Maman Rifkatu, ke ma?" Ta finciko zanin daga igiya ta cusa a bokiti, ta ce: "In kin faɗa, ƙarya kike yi. Wa zai yarda da mayya?" Ranar ta fi kowace rana zafi a kaina, har tsintsiyar da na taɓa ta sa aka jefar.

Ta san abin da ke damuna, a jikinta take jin sa kowace safiya. Ko tsoro ne ya sa ta nuna ni don kada a nuna ta, ko mugunta ce tsagwaronta, ban sani ba, kuma gaskiya yanzu ban damu in sani ba. Ban taɓa ƙin mutum ba sai a kanta. In na ji takunta a tsakar gida, sai in ture abincin da ke gabana.

Ranar Lahadi bayan sujada za a zauna. Ƙannen mijina biyu za su zo, da wani dattijo daga danginsu, da mai addu'ar, da Ishaku. An riga an aiko mini da abin da ake so, in durƙusa in ce na tuba, a yi mini addu'ar kuɓuta, shi ke nan a ba ni jikata in riƙe. Ƙanen mijina ya ce kalma biyu ce kawai, in faɗa a zauna lafiya. Amma in na faɗa, na amsa cewa ni na cinye mijina da maita ke nan, kuma autata za ta shiga gidan wa da sunan 'yar mayya? In kuma na ƙi, Ishaku ya ce zai kama haya ya kwashe iyalinsa.

Zan iya ajiye kunya in tsaya gaban ɗana da ƙannen mijina in yi maganar jinina da bakina, in ajiye musu kati. Wataƙila su ji, wataƙila su ce ƙazanta na kawo don in rufe maita, in tashi babu mutunci babu jika. Ko kuma in yi abin da zuciyata take ta raya mini tun Talata, in bari mai addu'ar ya gama lissafa alamominsa, gajiya, wankin asuba, ruwan gishiri, sannan in ce a ɗaga katifar uwar Rifkatu a taɓa a ji gumi, a buɗe jakarta a ga gishirin wa ke ciki. Na san za su same shi. Na san kuma abin da zai biyo baya, labarin zai riga ta isa ƙauye, can kuwa ba kofi kawai ake ware wa mace ba. Rifkatu za ta ɗanɗana abin da Ishaku ya kamata ya ji a kaina bai ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, in na tuna wannan, wani sanyi nake ji a raina, kuma wannan sanyin yana ba ni tsoro, don matar ba mayya ba ce, kamar yadda ni ma ba ita ba ce.

Iyaye mata da kuka wuce wannan mataki, ku gaya mini, da wane baki ake yi wa ɗa namiji wannan bayani? Maza na guruf, in uwarku ce ta tsaya ta faɗa, za ku ji ta, ko za ku sunkuyar da kai kamar nawa? Kuma matar nan, in tona ta ko in rufa mata asirin da ita ta ƙi rufa mini? Kada ku ce mini in yi haƙuri kawai, shi nake yi tun ina yarinya, shi ya kawo ni nan.

Jiya da rana Rifkatu ta shiga wanka ta bar yarinyar a kan tabarma a inuwa. Ban taɓa ta ba. Daga bakin ƙofata na kira ta da sunana a hankali, sau biyu. Ba ta waiwayo ba. Uwar Rifkatu ta kira ta da sabon sunan daga kicin, ta juya tana dariya.