Shafi Uku Babu Lamba

Zuwa ga Lauratu, ruwan randar tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar Ɗanzomo, farar karsanar da ba ta shiga kasuwa balle a taya,

Sallama daga saman tankin ruwan Gagarawa Tasha, inda rana ke gasa ni kamar masara, idona na kan allon na'ura. Yau kwana uku, Lauratu. Kwana uku!

Kin san aikin da Injiniya Habibullah ya ba ni. Ya kafa akwatin rediyo kan dogon ƙarfe a gidanku, yana gwada ko kiransa zai iso har nan, don a riƙa jin lafiyar famfunan ƙauyukan da sabis ɗin waya bai kai ba. Kowace kwatar awa akwatin ya aiko lamba, bi da bi yana ƙirgawa, ni kuma in rubuta ta, da lokacinta, da ƙarfinta. Ke aka damƙa wa goge farantin sola da safe. To, duk lambar da ta faɗo, hannunki nake gani da tsumma, awarwaro yana kaɗawa. Kin tuna ranar kafawa, da kika riƙe mini tsani kina dariya, wai in na faɗo ba ki tarewa? Wallahi tun ranar na faɗo, har yau ban kai ƙasa ba.

Ɗari bakwai da tara ce ta ƙarshe, safiyar Juma'a, ƙarfe tara saura kwata, da ƙarfinta cif. Daga nan shiru. Na juya eriya gabas, na juya arewa, na hura, na goge, na sauya batir, na yi addu'a. Shiru!

Nisa ne ya ci kiran? Hadari ne? Ko kuwa Alhamis ce, ya hasken idona? Alhamis ɗin da kika zo kasuwar Maigatari da Innarki, kika same ni a bayan kara ina ba rago kanwa da ruwa don cikinsa ya cika wa mai saye ido. Ba ki yi faɗa ba, da kin yi ma da sauƙi. Cewa kawai kika yi mai kumbura rago da ruwa, maganarsa ma ruwa ce. Shin faifai kika kife kan farantin har batir ya mutu, ya ke kurciyar da ba a kama ta da tsaba?

Jibi Injiniya zai karɓi littafi. In ya ga giɓi, zai tuge ƙarfen daga gidanku ya kai wani gari, hujjata ta tsayawa ƙofar Baffanki ta tafi ke nan. Ni kuwa dillali ne, ɗan dillali. Na san yadda lambobin ke hawa da sauka. Kafin shayi ya huce zan iya cika shafi uku, har da 'yar gurguwar lamba a tsakiya don ta yi kama da gaskiya. Jiya na cire murfin biro. Hannuna ya ƙi. Na ja layi, na rubuta: ba a ji ba.

Ga kwafin shafukan nan na naɗo cikin takardar, direban motar Gumel zai miƙo miki. Duba su fes, ko ɗigon ruwa ban ba su ba. Wannan ne rago na farko da na kai kasuwa da cikinsa na gaskiya, kuma ke ce mai tayi.

In da sauran wurina a zuciyarki, gobe da hantsi ki leƙa farantin nan. In lamba ta iso da tsallake, akwatin bai daina ƙirga ba ke nan, na san nisa ne mai laifi. In ɗari bakwai da goma ce ta faɗo, na san ke kika kashe, kuma ke kika kunna. In ba ta zo ba, zan rubuta gaskiya, in sauko, in biyo ƙafa har ƙofarku.

Naki, ko da kira ko babu, har ƙarfe ya zama ƙasa,

Ɗanjuma