Kyamarar da Za Ta Jira Gwaggo Gudiya

Aliero, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka a can Maleshiya, Allah Ya ba ka nasara a karatunka. Mu a nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, an kuma fara ɗebe albasa a Danwarai.

Ka nemi in zaɓi ɗaya cikin kyamarori biyu marasa madubi da ka turo mini bayaninsu, wadda za ka aiko mu ɗauki labarin gidanmu daga bakin Gwaggo Gudiya, in kuma riƙa amfani da ita a aikina na malamin gona. Na jinkirta amsa ne domin ban so in yanke hukunci da karatu kawai. Ta farkon ta fi fitar da hoto, har ƙwaron da ke kan ganyen albasa za ta nuna, kuma ita raina ya fi so. Ta biyun hotonta bai kai wannan ba, amma tana da 'yar fanka a ciki, tana daɗewa tana ɗaukar bidiyo ba ta yi zafi ba.

Na samu Shafi'u, mai ɗaukar hoton biki a Sabon Garin Jega, yana da mai kama da ta farkon, ya ba ni aro. Na tafi Sarandosa da ita, na kafa ta a kan ƙafafunta a inuwar rumfar Gwaggo, na kunna. Abin da ban lissafa ba shi ne gaisuwa. Ka san Gwaggo ba ta shiga magana sai ta tambayi lafiyar kowa, gida gida, har da shanun da aka bari a rugga, sai kuma ta ga an sha nonon da ta kawo. Kashe kyamarar a jira ba ya yiwuwa, domin da zarar hannu ya taɓa kyamarar sai kunya ta kama Gwaggo, ta ja mayafi ta yi shiru. Dole a bar ta a kunne har ta manta da ita.

Ta manta kuwa. Ta yi bayanin shekarar da kakanmu ya daina yawo da shanu ya zauna, daga nan ta gangaro kan ɗanta na fari, wanda ya rasu yana yaro. A iya sanina ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda al'adarsu take, amma ranar ta faɗe shi. Da na duba bayan ta gama, kyamarar ta daɗe da yin zafi ta kashe kanta. Gaisuwar kawai ta ɗauka.

Na roƙe ta a hankali ko za ta sake. Ta ce, "Abin da nih hwaɗi na hwaɗe shi, Rufa'i. Ba ni maimaita magana don ƙarhe." Ban matsa ba.

Saboda haka ka sayi ta biyun, ka haɗo da ƙarin batir da ƙaramin makirfo, domin muryar Gwaggo ta yi ƙasa ƙwarai. Hoton gona zan ci gaba da yi da waya. Ta yarda in na koma za ta yi maganar ƙuruciyar mahaifinmu, wadda ba wanda ya rage da ya sani sai ita. Na ce mata sai kayan sun iso. Ta ce to, in sun tarar da ita. Kada ka bi ta hanyar aike mai jinkiri. Ka ba Sambo abokin karatunka, tunda shi zai fara dawowa gida.

Ka gaida Hafsat da yara. Inna da matata Murjanatu suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Rufa'i