Sunan da Mairo Ba Ta Faɗa

Largo, Maryland
14 ga Oktoba, 2012

Ƙanwata Mairo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Malam Sabo da yara. Na rubuto ne don na san halinki a waya: daga "to, Yaya" sai "Allah ya kyauta", har kati ya ƙare ban ji abin da ke ranki ba.

Maganar Juwairiyya ce. Tun da kika ba ni ita tana ƙarama na taho da ita saboda sikilarta, a kan takardar jinya take zaune, ana ta sabuntawa. Yanzu lauya ta ce hanya ɗaya ta rage: kotu ta mayar da ita 'yata kafin ta cika sha shida a watan Afrilu. Idan lokacin ya wuce sai ta koma gida, kuma maganin da ya riƙe ta ba zai bi ta ba. Na yi wa lauyar bayani cewa riƙo ne, a wajenmu ba a yi masa takarda. Ta dube ni kamar na ce a kasuwa na tsince ta.

Wannan ne ya jefa ni siyasa da tsufana. Ana karɓar shawarwarin gyaran tsarin mulki a gida, ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan kuma tana neman a sa haƙƙin yara a ciki, doka ta san da riƙo: yaro ya zauna da sunan iyayensa, mai riƙo ya samu takardar da za a karɓa a waje. Shugabanmu Barista Maitama ya ce 'yan majalisa da dama sun yi alkawarin goyon baya. Na san alkawarin ɗan siyasa, amma ba na fashin taro, har fanke nake kaiwa.

Ga takardu nan a hannun Hajiya Wasilatu, da za ta taho gida. Ke da Malam za ku sa hannu a gaban alƙali cewa kun sallama.

Yayarki,
Sadiyya

*

Kano
20 ga Nuwamba, 2012

Zuwa ga Yaya Sadiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Takardu sun iso, Malam ya sa an fassara masa.

Yaya, yarinyar nan taki ce tun ran da na ɗora miki ita. Ban taɓa tambayar me kika ci da ita ba. Amma Malam ya ce ba zai sa hannu a raba ta da sunan ubanta ba, don addini bai yarda ba. Ni kuma wurin da aka rubuta cewa na daina zama uwarta ya tsaya min a rai. Tun da kun ce gyara na zuwa, me zai hana a jira shi?

Ga kuka da daddawa. A ce wa waccan ta riƙa rufe ƙirjinta, na ji sanyinku ya shigo.

Ƙanwarki,
Mairo

*

Largo
6 ga Janairu, 2013

Mairo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaya wa Malam ya kwantar da hankalinsa, lauya ta ce Sabo zai zauna a bayan sunanta. Naki ne za a cire a takarda a sa nawa, ba zan ɓoye miki ba. Gyara kuwa, ko jikokinmu suka gan shi mun gode Allah. Afrilu ba zai jira majalisa ba.

Ga abin da ya dame ni. Mun yi babban taro a Laurel, aka sa Juwairiyya ta yi magana a madadin yaran riƙo. Da Turanci ta yi, kin san yaran nan, suna jin Hausa amma ba sa mayarwa. Ta yi kyau, har Barista yana gyaɗa kai. Can sai ta ce ita tata matsalar mai sauƙi ce, sa hannu ba zai yi wa mahaifiyarta wuya ba. Ta ce:

"Ba ta taɓa kiran sunana ba. A waya 'ke' ce, a wasiƙa 'waccan'."

Tsofaffin matan wurin suka yi murmushi, don sun san 'yar fari ce, kunya ce irin tamu. Ita ba ta yi ba. A mota na yi ta bayani, na ce ni ma Inna ba ta taɓa faɗar sunana ba har ta rasu. Ta tambaye ni ko hakan bai taɓa yi min ciwo ba.

Ina tsoron ki sa hannu ta ce ai dama ta faɗa. Ina tsoron ki ƙi, ta rasa asibiti. Ki yi abin da Allah ya nuna miki.

Sadiyya

*

Kano
12 ga Fabrairu, 2013

Assalamu alaikum. Yaya ta karanta miki wannan a hankali, kada ta tsallake komai.

Mun je kotu jiya, ni da babanki, mun sa hannu. Kafin nan alƙali ya ce sai na faɗi sunan yarinyar da nake sallamawa, da bakina, kowa ya ji. Ni na zaɓa miki shi tun kina ciki, kuma kullum ina faɗarsa a sujada, inda ba kowa sai Allah. Na faɗa musu. Na yi kuka a hanya, don ban so ranar farko ta zama ta rabuwa ba.

Ban yarda alƙali ya ji ke ba ki ji ba. Ranar Juma'a ki tsaya kusa da waya.

Ki sha maganinki, Juwairiyya.

Mahaifiyarki,
Mairo