Ni Ce Na Zagi Ƙanina A Kan Kwarin Cikin Wasa

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ma'aikaciyar kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ce, shekara goma sha ɗaya ina bin inji. Duk bayan mita uku sai in ɗebi abin da ya fito, in jiƙa, in murza a yatsu, in rubuta ko yashi ne ko laka ko dutse. Ilimin ƙasa da duwatsu na karanta, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa tambayata me nake yi. Mama cewa take wa baƙi ina aikin ruwa.

Autanmu kuwa ba shi da aiki sai wasan kwamfuta. Bara ya fara ɗora bidiyo a intanet yana bayanin yadda duwatsu da kogunan cikin wasan suka samu, wai nan a da teku ne, can kuma dutse ya yi aman wuta. Duniyar da wani ya zana a ofis fa, Anti. Kuma da tsofaffin littattafaina da ya kwashe yake wannan fafa. Yanzu dubban mutane Farfesa suke ce masa, Mama kuma duk wanda ya shigo falo sai ta miƙa masa waya ya ga ɗanta. Ba zan ɓoye miki ba, ƙyashi nake ji har cikin ƙashina.

Watan jiya ya ce wani kwari da ke tsakanin duwatsu a wasan ƙanƙara ce ta sassaƙe shi. Kallo ɗaya na yi na gane kuskure ne. Gindin kwarin tsukakke ne, aikin kogi ke nan, ita ƙanƙara faffaɗan gindi take bari kamar kwano. Sai na buɗe shafi da sunan bogi na gyara masa. Da ma a nan na tsaya. Na ƙara da cewa ɗan kwafe ne da bai taɓa riƙe dutse a hannu ba. Mutane suka yi ta masa dariya, ni kuma ranar har ƙarin abinci na yi.

Sati uku bai ɗora komai ba. Shekaranjiya ya zo wurin aikinmu, ya zauna kan buhunan samfurin ƙasar da muka haƙo, ya nuna mini rubutun. Ya ce a harkar dutse ni kaɗai ya yarda da ita, in na ce mutumin nan gaskiya ya faɗa zai rufe shafinsa. Na ce masa zan duba. Ran Asabar zai dawo. Me zan ce masa?

'Yar Bakin Rijiya

'Yar'uwa, sannu da ƙarfin halin faɗin gaskiya a kan kanki.

Ƙyashinki yana da tushe. Shekara goma sha ɗaya a rana ba a ce miki sannu ba, dole ya yi ciwo. Amma Mama ce ba ta tambaya ba, Auta bai ƙwace miki komai ba. Duniyar tasa ta ƙirƙira ce, na yarda, sai dai ilimin da yake auna ta da shi na gaske ne, kuma ta hanyarsa ya kai ga yaran da ba za su taɓa zuwa bakin injinki ba.

Maganarki gida biyu ce. Ta kwarin gaskiya ce, ki zana masa a takarda ya gani, ya fito ya gyara da bakinsa. Ta zagin kuwa ƙarya ce, ke ma kin sani, ki goge ta yau.

Sannan ki gaya masa ke ce, ku biyu kawai, kafin ki buɗe zancen kwari. Ki faɗi dalilin kamar yadda kika faɗa mini, kada ki fake da cewa gyara kika yi nufi. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe, ki bar shi ya yi. In kika yi shiru, zai ci gaba da kawo miki kukansa yana gode miki, ke kuma kina amsawa kin san ke kika sa shi kukan. Wannan ya fi fushinsa wuyar ɗauka.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya ran Asabar, Ya kuma sanyaya ta ƙaninki.