Gaɓar da Ka Kasa Ganewa

Hanover, Jamaika
Watan Oktoba

Zuwa ga ƙanena Lascelles,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Meredith da yara. Ina roƙon Ubangiji ya tsare ku daga sanyin Kanada da na ji an ce ya fara leƙowa tun yanzu, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana Tessa da Desmond. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, in hadari ya taso ita ke fara sanar da ni kafin rediyo. 'Yata Shanice ta samu canjin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti kusa da gida, yanzu tana kwana wurinmu. Papa yana cin abinci sosai, sukarinsa ya sauka, sai dai idon hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya. Bakinsa kuwa yana nan daram, jiya ma sai da ya yi wa mai kawo burodi tatas a kan wai burodin zamani iska ce kawai aka naɗe a leda.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Sista Enid ta cocinmu, alhali ga waya. Na ɗauki wayar har na ajiye ba sau ɗaya ba. Na san halina, in na kira ka murya za ta tashi, Meredith ta ji, yara su ji, a ce gwaggonsu ta Jamaika masifaffiya ce. Gara in zauna in rubuta, ko ba komai alƙalami ba ya ihu.

Maganar hotunan nan uku ce da ka turo mini. Ka ce kuna zaɓen inda za ku kai yara hutun Kirsimeti, wurin da ruwa ba zurfi, ba igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma akwai kifi da yawa, don ka saya musu tabarau na shiga ruwa da bututun numfashi, har Desmond yana gwada nasa a bahon wanka. Na farko ka ce a Bahamas yake, na uku a wani tsibiri na Meziko. Na biyu kuwa ka ce ga shi nan Jamaika, a gundumarmu ma, wani otal mai gaɓar kansa da suke kira Gaɓar Lu'ulu'u, kuma kun fi karkata gare shi, tunda yana kusa da gida sai ku leƙo mu wata rana da yamma. Sannan ka tambaye ni ko na san wurin.

Lascelles, na san shi. Ka buɗe hoton nan ka ja shi da yatsa, ka dubi gefen dama, bayan jerin kujerun kwanciya da laimomi. Baƙin dutsen nan da ya shiga cikin ruwa, Dutsen Akuya ne. A kansa ka yi tsalle ka karya haƙorinka na gaba, na goyo ka har gida jini na zuba a wuyana, Mama ta zane ni a kan ban kula da kai ba. Yanzu ka dubi gefen hagu, bishiyar kwakwar nan da ta karkace tun babbar guguwar da ta yaye mana rufi, wadda suka ɗaura wa ragar lilo, wata mace tana kwance a ciki da kofi a hannu. Taka ce. A ƙarƙashinta Papa ya binne cibiyarka, ya dasa ta a kai, kamar yadda ya yi wa kowannenmu. Tawa sun sare ta, sun gina wurin ajiye tawul. Taka suka bari saboda karkacewarta tana kyau a hoto. Na zauna da wayar nan a hannu ina kallo, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, daga baya na yi kukan.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba. Sun kawo farin yashi a manyan motoci sun rufe namu mai tsakuwa, sun share rumfar da Mama ke soya kifi, sun raɗa wa wurin suna mai ƙamshi kamar na turare. Wanda ya daɗe bai gani ba zai iya ruɗewa. Amma me ya sa ka daɗe ba ka gani ba? Lokacin da aka ja katanga aka kori masunta zuwa bakin kogi, inda laka ke kama ƙafa har gwiwa, na gaya maka, ka ce ci gaba ne, matasa za su samu aiki. Da ka zo jana'izar Mama ba ka ko sauka bakin ruwa ba, daga coci sai makabarta sai filin jirgi. Papa bai sake tura kwalekwale ba tun shekarar da aka rufe, ya ce ƙafarsa ta tsufa da koyon sabuwar gaɓa. Shi ya sa tambayarka ta yi mini ciwo. Ka aiko mini da hoton tsakar gidanmu kana tambaya ko na san wurin.

Bari in gaya maka abin da ake yi a nan tun ranar da ka ce za ku zo Kirsimeti, don a lokacin ba ka ambaci otal ba. Na kwashe tarkacen ɗakin baya, Shanice ta shafa masa fenti, mun aro gado a maƙwabta. Zoɓon da na shuka ya yi ja, na ajiye citta. Akwai ɗan akuya a ɗaure da yake cin abin da mu ba ma ci, ya yi ƙiba har ya raina mutane. Papa kuwa ya sa aka sauko masa da akwatin leƙensa daga saman rufi. Ka tuna shi, akwatin katakon nan mai gilashi a gindi, da yake dafa shi a kan ruwa ya duba tarkunan kifinsa a ƙasa, mu kuma mu yi ta faɗa a kan wa zai fara leƙawa. Gilashin ya tsage, ya aike ni aka yanko sabo, ya zauna a baranda da ido ɗaya da rabi yana liƙe gefensa da kwalta. Ya riga ya yi magana da abokinsa Mass Cleve zai kai su a jirginsa can bayan tsauni, inda murjani ke da rai har yanzu. Na ce masa yaran suna da tabarau na zamani. Ya ce wai tabarau na mutum ɗaya ne, akwati kuwa kai biyu ke shiga, kaka ya nuna, jika ya gani. Bai taɓa riƙe hannun yaran nan ba, a waya kawai ya san su, kuma kai ma ka san shekarunsa.

Da hotonka ya zo ban gaya masa ba. Na ɗaura ɗankwali na tafi ƙofar otal ɗin, don in ji yadda uba ke ganin ɗansa in ɗan yana ciki. Maigadin da na tarar Garfield ne, ɗan Miss Pearline, wanda na yi wa wanka yana jariri, yanzu ya zama ƙato da gemu da rediyo a kafaɗa. Yana hango ni ya fara murmushin wahala, ya kira ni Miss Icy, ya ce don Allah kada in jawo masa, shi ma ci yake nema. Ya yi mini bayani: baƙon waje sai an saya masa izinin wuni, wanda ke ciki ya rubuta sunansa, a ɗaura masa munduwar roba a hannu mai launi daban da ta masu kwana, ya shiga da safe, kafin rana ta faɗi ya fita. Na ce to in na soyo kifi da bami fa, 'ya'yan ƙanena su ɗanɗana gurasar rogon kakarsu? Ya ce abincin waje ba ya shiga. Na ce ashe bamina guba ce, shi da ya girma a kanta har ya yi wannan tumbi? Ya yi dariya ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Sai na tambaye shi batun akwatin Papa. Nan dariyar ta ɗauke. Ya ce gilashi kowane iri ba ya sauka kan yashi, kada ya fashe ya yanki baƙi, ko kwalba ba a bari. Ya ce shi kansa rabon da ƙafarsa ta taɓa ruwan nan tun yana makaranta, kullum yana tsaye ya ba shi baya.

Na dawo ban gaya wa kowa ba, amma ka san ƙauyenmu. Garfield ya gaya wa uwarsa, uwarsa ta tare Papa a ƙofar coci tana taya shi murna, wai ɗansa ya zama babban mutum, zai sauka a otal. Muka dawo gida ni da Papa. Ya zauna, ya cire hula, ya daɗe yana kallon akwatin. Ni ina jira ya fashe, don na san bakinsa, har na shirya taya shi. Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne ba sa barin mutum ya shiga da silifas. Ya ce in fito masa da baƙin wandonsa, wanda ya sa ranar jana'izar Mama, in goge, in duba takalminsa ko yana buƙatar gyara.

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa uba. Na ce shi Mass Vinton, da ya ciyar da rabin ƙauyen nan daga wannan ruwa, shi ne zai tsaya a layi a ɗaura masa roba kamar kaza a kasuwa? Ya ce in rage murya, maƙwabta na ji. Ya ce yaron yana aiki cikin ƙanƙara duk shekara, in yana son ya kwanta a kawo masa abinci a bar shi ya huta, ba laifi ba ne. Ya ce in jikokinsa suna ciki, shi ma ciki zai shiga, ko a wuya za su ɗaura robar. Har ya ƙara da cewa ko ba komai zai sake ganin dutsen kafin ɗaya idon ya bi ɗan'uwansa. Wannan haƙurin nasa ya fi ƙona mini rai fiye da hotonka. Maganar gilashi kuwa Miss Pearline ba ta sani ba, ni kuma bakina ya kasa faɗa. Har yau Papa yana goge gilashin kowace safiya da gefen rigarsa.

To, ka yi tambaya, ga amsa, kada ka ce yayarka ta yi ta faɗa ba ta ba ka shawara ba. Na Bahamas ruwansa ya fi kyau a ido, na Meziko ban san komai a kansa ba. Na biyu ba zurfi, ba igiya, yaro ba zai nutse ba, wannan gaskiya ne, a ciki muka koyi iyo. Amma murjanin da ke cikin wurin da suka kewaye da igiya ya mutu, ƙafafu sun tattake shi ya zama fari. Garfield ya ce ma'aikata ke watsa burodi da safe don kifi su taru baƙi su ɗauki hoto. In hutu kake so, wurin da ba wanda ya san ka, ka ɗauki na farko ko na uku, ka kira Papa ka ce ba ka samu dama ba bana. Zai ji zafi, amma irin zafin da ya saba ne. In kuma mu kake so, ka zo gida. Ba mu da na'urar sanyi sai fanka, akwai sauro, ruwan zafi daga buta yake fitowa, zakaran maƙwabta ba ya duba agogo. Kuma kada ka fake da Meredith, don ita da bakinta ta taɓa tambayata a waya ko akwai wurin kwana a gidan Papa. Ina zargin kai ne ba ka son yaranka su ga inda ka fito, in ba haka ba ne ka yafe mini.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka zaɓi na biyu. Kada ka sa tsohon nan ya sa wandon jana'iza, a karɓe masa akwati a ƙofa, a ɗaura masa roba a hannu, sannan ya je ya gaida jikokinsa a ƙarƙashin kwakwar da ya dasa da hannunsa, yamma ta yi a ce masa lokaci ya cika. In ka yi haka zan goge wandon, zan raka shi har ƙofa, don ba zan bar shi ya tsallaka titi da ido ɗaya ba. Amma ni ba zan shiga ba, kuma kada ka fito nemana.

Ka gaida Meredith da kyau, ka ce na gode da maganin gwiwa. Ka sumbaci Tessa da Desmond, ka ce gwaggonsu Icilda tana da zoɓo mai sa harshe ja. Shanice tana gaishe ku, haka Mass Cleve da Miss Pearline. Ka kula da Sista Enid in ta iso, ba ta saba da sanyi ba.

Papa ya ga ina rubutu, ya ce in gaishe ka, kuma in tambaye ka ko Desmond bahago ne kamar kai, don ya san gefen da zai sa wa akwatin mariƙi. Na ce masa zan tambaya. Ka kira shi ka ba shi amsa da bakinka.

Yayarka da ta goya ka,
Icilda